Sintrom, Lovenox ko Xarelto: wanne ya dace da wane majinyaci?

Wata safiyar Litinin a nan Garwa, arewacin Kamaru, wani saurayi ya tare ni a bakin ɗakin jinya riƙe da baƙar leda. Ƙanwarsa ce aka yi wa aikin zuciya shekara biyu da suka wuce, aka sa mata ƙofar zuciya ta ƙarfe. Tun daga lokacin take shan Sintrom, maganin hana daskarewar jini, kuma kowane wata sai ta hau mota daga ƙauyensu ta zo an ɗebi jininta an auna. Babban yayansu da ke Faransa ya ga wahalar ta yi yawa, ya aiko da kwalayen Xarelto, sabon maganin hana daskarewar jini.

"Majo, an ce wannan ba ya buƙatar awon jini, kuma ya fi wancan tsada nesa ba kusa ba. Ta bar tsohon ta koma wannan?"

Na ce, "Ɗana, ajiye ledar nan tukuna. Ta riga ta fara sha?"

Ya ce a'a. Na yi hamdala a zuciyata.

Abin da aka faɗa masa duk gaskiya ne: ba a yi wa mai shan Xarelto awon wata-wata, kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce. Sai dai ga mai ƙofar zuciya ta ƙarfe, sauya maganin nan na iya kai ta ga shanyewar ɓarin jiki ko kabari. Mutane na ɗaukar magungunan nan kamar matakala, ana tashi daga na talaka a hau zuwa na mai hali. Alhali kowanne da majinyacin da ya karɓe shi, kuma sau da yawa abin da ke raba gardama yana wajen takardar likita: nisan garin mutum da ɗakin awo, ƙarfin aljihunsa, miyar da yake ci, ko matar tana da ciki. Likita ne ke rubuta magani, wannan ba a ja. Amma mu ma'aikatan jinya ne ke zama da majinyaci har mu ji waɗannan abubuwa, don haka na ga ya dace in jera magungunan kusa da juna yadda nake ganinsu a bakin aiki.

Sunan da muke kiransu da shi ma yana ruɗarwa. Muna cewa "maganin tsinka jini", amma jinin mai shansa kaurinsa ɗaya da na kowa. Jinkirta daskarewa kawai suke yi. Kuma ba sa narkar da gudan jinin da ya riga ya toshe jijiya, hana shi girma suke yi, jiki da kansa ya riƙa cinye shi a cikin makonni ko watanni. In ba a yi wa majinyaci wannan bayani ba, kwana huɗu ya ga ƙafa ba ta saɓe ba, sai ya ce maganin ba ya ji, ya nufi wajen mai ƙaho.

Gudan jini iri biyu ne, kuma daga nan zaɓi ke farawa. Wanda ke toshe jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya, kamar na bugun zuciya da yawancin shanyewar ɓarin jiki, ƙananan ƙwayoyin nan ne da muke kira filaket ke haɗa shi. Maganinsa asfirin ɗan kaɗan, miligiram 75 zuwa 100, wanda aka fi sani da Kardégic a farmasinmu, ko kilofidogirel miligiram 75, wato Plavix. Duk filaket ɗin da suka taɓa ba ya sake aiki har ya mutu, shi ya sa tasirinsu ke kai kwana 7 zuwa 10 bayan an daina sha, abin da mai shirin tiyata ya kamata ya sani. Ba zan daɗe a kansu ba. Abu ɗaya zan nanata: asfirin ba maganin kumburarriyar ƙafa mai gudan jini ba ne. Wancan gudan na jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ne, shi ne ke kumbura sharaɓa ɗaya ta yi zafi, shi ne ke ɓallewa ya toshe huhu, kuma irinsa ne ke taruwa a zuciyar da bugunta ya rikice. Zaren wani sinadarin jini da ake kira fibirin ne ke saƙa shi, sai magungunan hana daskarewa na ainihi.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne hefarin. Wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Jay McLean, shi ake danganta gano shi da shi a 1916, kuma daga kalmar hanta a harshen Girka aka samo sunan. Aikinsa shi ne ya zaburar da wani sinadari da dama yake cikin jini, antitirombin, ya kashe ƙarfin sinadarai biyu masu daskarar da jini, tirombin da abokinsa da ake rubutawa Xa. Alherinsa saurin shiga da saurin fita: in an sa ta jijiya nan take yake kama aiki, in an tsayar kuma cikin 'yan awanni ya bar jiki, domin rabinsa na ƙarewa a awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yana da makari, furotamin, miligiram 1 na kashe kimanin UI 100 (UI shi ne ma'aunin ƙarfin hefarin), a tura a hankali don yana faɗar da bugun jini. Ƙoda mara lafiya ba ta hana ba da shi. Ga wanda ƙodarsa ta gaza, ko wanda za a iya shiga da shi tiyata kowane lokaci, babu kamarsa.

To amma hefarin ta jijiya maganin asibiti ne mai kayan aiki. Yana son na'urar tura sirinji mai lantarki, yana son a auna TCA, wato lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, bayan awa 6 da farawa da kuma bayan kowane sauyi, a riƙe shi tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi na mai lafiya. Inda ɗakin awo ke rufewa da la'asar, ko wuta ke ɗaukewa a tsakar dare, zuba hefarin cikin ledar ƙarin ruwa ana ƙirga ɗigo da ido ganganci ne. Akwai na ƙarƙashin fata, Calciparine, wanda ake ba da UI 5000 sau biyu ko uku a rana don kariya. A nan ne ɗalibai ke tuntuɓe: Calciparine na ɗauke da UI 25000 a mililita ɗaya, hefarin na jijiya kuma UI 5000 a mililita ɗaya. Wanda ya saba zuƙo mililita bai karanta kwalba ba zai iya ba da ninki biyar. Ni dai a gadina, mutum biyu ke karanta kwalbar hefarin kafin a zuƙa.

Enokzafarin, wato Lovenox, ɗan hefarin ne da aka yayyanka ƙanana, shi ne likitoci ke rubuta HBPM a kansa. Ya fi karkata ga Xa, aikinsa a jiki ya fi tabbas, saboda haka ba a bin sa da TCA. Don kariya ga babba, kamar bayan tiyata ko doguwar kwanciya, UI 4000 ne sau ɗaya a rana, daidai da miligiram 40. Don maganin gudan da ya riga ya samu, UI 100 ne kan kowane kilo, duk awa 12. Kan kowane kilo na ce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ban yarda ba. Na sha ganin an kimanta dattijuwa a kilo 70 saboda zannuwan da ta naɗa, aka ɗora ta a sikeli ba ta kai 50 ba.

Yin allurar ma akwai ladabinsa. Majinyaci ya kwanta, a zaɓi gefen ciki nesa da cibiya da kamar yatsu uku, yau dama gobe hagu. A tattaro fata tsakanin babban yatsa da manuniya, a soka allurar a tsaye har ƙarshenta, kada a saki fatar sai an gama turawa. 'Yar iskar da ke cikin sirinjin ba a fitar da ita, ita ce ke tura ragowar maganin. Bayan an zare kuma ba a murzawa. Hannunmu ya saba da murza auduga bayan kowace allura, nan kuwa murzawar ce ke barin baƙin tabo kamar an doki mutum.

Inda Lovenox ke cin amana shi ne ƙoda. Ta nan yake fita, in ƙoda ta yi rauni sai ya taru. Kada a tsaya kan adadin kireyatinin, wato awon ƙoda na cikin jini, kawai, a lissafa tacewar ƙoda da shekaru da nauyi, domin tsohuwa ramammiya na iya nuna adadi mai kyau alhali ƙodarta ta gaji. In tacewar ta sauka ƙasa da mililita 30 a minti, likita ya rage ko ya koma hefarin. Furotamin kuma ba ya kashe shi duka, wani kaso kawai. Sai zafi: a ƙasa da digiri 25 ake so a ajiye shi, mu kuwa a Maris da Afrilu Garwa na haura 40. Wanda zai tafi da shi gida a ce masa ya nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, kada ya bar shi a aljihun babur, kada kuma ya sa shi inda zai ƙanƙare.

Da hefarin da Lovenox duka suna da wata matsala mai ban mamaki. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 da farawa, filaket na iya faɗuwa da rabi, kuma maimakon zubar jini sai sabon gudan jini ya ɓullo. Shi ya sa ake ƙirga filaket kafin a fara, a riƙa maimaitawa. In hakan ta faru a tsayar da duk wani dangin hefarin, kada a ce za a gudu daga wannan a fake da wancan, an gudu ba a tsira ba ke nan. Fondafarinus, mai sunan kasuwa Arixtra, na cikin abin da likitoci ke komawa gare shi.

Akwai maganar da wasunmu ke ɓoyewa, ni kuwa ba na ɓoye ta in an tambaye ni. Yawancin hefarin na duniya a yau, har da Lovenox, daga hanjin alade ake tace shi. Wani malami da aka kwantar mana ya taɓa karanta hakan a takardar cikin kwali, ya kira ni ya ce, "Hajiya, kin san da wannan?" Na ce, "Na sani, Allah gafarta Malam. Akwai wanda ba na dabba ba, Arixtra, amma ba mu da shi a hannu, gudan jinin kuma ba zai jira ba." Ya yi shiru, sannan ya ce larura tana da hukuncinta, ya ɗaga rigarsa. Da na yi masa ƙarya ya gano daga baya, da ba zai sake yarda da ko farasitamol daga hannuna ba.

Ga mai ciki, Lovenox ne zaɓi, domin dangin hefarin ba sa ratsa mabiyiya su kai ga jariri. Abin lura shi ne allurar kashin baya in za a yi mata aiki: awa 12 bayan allurar kariya, awa 24 bayan ta magani. A rubuta lokacin allurar ƙarshe ɓaro-ɓaro a takarda. Haɗarin gudan jini kuma bai ƙare da haihuwa ba, yana nan har mako 6, kusan daidai da kwana arba'in ɗinmu na jego. Mai jegon da ƙafarta ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe mata farat ɗaya, ba ruwan wanka ne bai yi zafi ba.

Allura sau biyu kullum na wata uku ba kowa ke iya saye ba. Iyali su sayi sirinji shida, kuɗi ya ƙare, a yi shiru. Nan ake komawa ga ƙwaya, nan kuma ainihin gardamar take.

Tsofaffin ƙwayoyin su ne masu adawa da bitamin K, AVK a rubutun likitocinmu. Asalinsu daga garke ne, abin da Bafulatanin da ke kwance a gado zai ji daɗin ji. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci ingiricin wata ciyawa da ya yi fumfuna. Karl Paul Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin, daga shi aka ƙera warfarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera. Sai 1954 aka amince a ba mutane, a 1955 har shugaban Amurka Eisenhower ya sha bayan bugun zuciya. A ƙasashenmu masu bin tsarin Faransa iri uku ake gani: warfarin da sunan Coumadine, asenokumarol wato Sintrom, da fuluwindiyon wato Préviscan. Na ƙarshen nan tun 2018 hukumar magunguna ta Faransa ta hana a fara shi ga sabon majinyaci saboda yana iya taɓa ƙoda da fata, kuma mai shayarwa ba ta shan sa. Tsakanin sauran biyun, warfarin ya fi daɗewa a jiki, kusan awa 40 kafin rabinsa ya fita, Sintrom kuwa wajen awa 10, shi ya sa awon mai warfarin ya fi zama wuri ɗaya. Amma Sintrom aka fi samu, ƙwayar miligiram 4 mai tsaga huɗu. Kalmar "kwata uku" ta sha rikita mutane: wani ya ji uku ya haɗiye ƙwaya uku. Ni zana da'ira nake yi a littafinsa, in raba ta huɗu, in baƙanta inda zai sha.

Hana hanta ƙera sinadaran daskarewa huɗu suke yi, na II da VII da IX da X. Waɗanda ke yawo a jini kuwa sai sun ƙare da kansu, don haka maganin ba ya kama aiki sai bayan kwanaki. Dalilin da ya sa ake haɗa shi da Lovenox aƙalla kwana 5 ke nan, ba a janye allura sai INR, wato awon jinin da ke nuna ƙarfin maganin, ya shiga inda ake so ya zauna. Ga yawancin mutane tsakanin 2 da 3 ne, ga wasu masu ƙofar ƙarfe 2.5 zuwa 3.5. Ƙasa da haka gudan jini, sama da haka zubar jini, gaba kura baya sayaki. Da farko ana awo duk 'yan kwanaki, in ya daidaita a koma wata-wata.

Arahar ƙwayar na yaudara. Wanda ke cikin Garwa, ga asibitoci ga reshen Cibiyar Pasteur, awon INR tafiyar babur ce. Wanda ke bayan Poli ko Tcholliré, da damina, kuɗin mota da na kwana da na awo sun ninka kuɗin maganin sau da yawa. AVK ba tare da awo ba kuwa tuƙi ne cikin dare babu fitila.

Sai abinci. Bitamin K a koren ganye yake, mu kuwa ganye ne miyarmu: zogale, alayyahu, lalo, rama, kuka, yakuwar da ake kira folere a nan. Na ji ana ce wa majinyata su daina cin ganye gaba ɗaya. Wannan shawarar wanda bai san tukunyar talaka ba ce, kuma ba ita ake so ba. Abin da ake so shi ne ci ya zama bai ɗaya, a daidaita maganin da yadda mutum ya saba ci. Abin da ke rikita awo shi ne sauyi kwatsam: damina ta faɗi a koma kwaɗon zogale safe da yamma sai INR ya sauka, ko zazzaɓi da gudawa su hana mutum ci sai ya haura. Garin zogalen da ake sha cokali-cokali a matsayin magani shi kam ina hanawa.

Magunguna sun fi ganye haɗari. Wani dattijo mai sayar da goro, shekara uku yana shan Sintrom lafiya lau saboda rikicewar bugun zuciya, aka kawo shi da haɓon da ya ƙi tsayawa da fitsari ja kamar zoɓo. Na tambaye shi ko ya ƙara maganin, ya rantse bai ƙara ba. Na ce, "Baba, ban da shi me ka sha a makon nan?" Sai jikansa ya zaro ƙullin leda: Flagyl na ciwon ciki, da dikilofenak na ciwon gwiwa, duka daga tiren mai talla. Na farkon ya hana hanta fitar da Sintrom, na biyun ya raunana filaket ya kuma ƙwarzane ciki. Bactrim da fulukonazol da man baki na Daktarin duk haka suke haura INR. Rifamfisin na tarin fuka da Gardénal da Tégrétol na farfaɗiya kuma akasin haka, suna cinye ƙarfin maganin. Abin da ya ceci Baba yana cikin kowane ɗakin haihuwa: bitamin K ɗin nan da ake yi wa jarirai. Wannan babbar falala ce ta AVK a wurinmu, makarinsa na kusa kuma ba shi da tsada, ko da yake zubar jini mai tsanani na buƙatar ruwan jini ko jini a kan haka, domin bitamin K na ɗaukar awanni.

Mai ciki ba ta shan AVK sai da tsarin likitan zuciya, yana ratsa mabiyiya, kuma tsakanin mako na 6 da na 12 yana iya naƙasa halittar jariri. Mai shayarwa kuwa tana iya shan warfarin.

Sababbin ƙwayoyin kai tsaye suke kama sinadari ɗaya. Dabigatiran, wato Pradaxa, tirombin yake kamawa. Ribarozaban da afizaban, wato Xarelto da Eliquis, Xa suke kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2019. Cikin 'yan awanni suke fara aiki, ba ruwansu da miyar ganye, ba awon INR, kuma zubar jini a ƙwaƙwalwa ya fi ƙaranci da su. Ga gudan jinin ƙafa ko huhu, Xarelto miligiram 15 ne sau biyu a rana na kwana 21, sannan 20 sau ɗaya, kuma dole da abinci, in ba haka ba jiki ba ya zuƙar sa sosai. Eliquis miligiram 10 sau biyu na kwana 7, sannan 5 sau biyu. Waɗannan biyun ba sa buƙatar a fara da allura. Pradaxa na buƙatar kwana 5 na allura tukuna, kusan kashi 80 cikin ɗari nasa ta ƙoda yake fita, ba a buɗe kwansonsa, ba a kuma juye shi a wata kwalba don laima na lalata shi. Ga tsoho mai raunin ƙoda Eliquis ya fi sauƙi. Ga mace mai yawan jinin al'ada, a sani Xarelto na iya ƙara mata.

Ga manomin da ke nesa da ɗakin awo, mai gudan jini a ƙafa, wanda maganinsa na wata uku ne, in dangi za su iya haɗa kuɗin wata ukun gaba ɗaya, ni sabon nake goyon baya ba tare da jan ƙafa ba. Amma "in" ɗin nan babba ne. Tasirinsu gajere ne, wanda ya tsallake kwana ɗaya ko biyu ya koma kamar bai taɓa sha ba. Na ga masu raba ƙwaya biyu don kwali ya kai ƙarshen wata, da masu sha yau su huta gobe. Mai Sintrom in ya yi haka INR zai tona shi, in ma jabu aka sayar masa awo zai nuna. Mai Xarelto babu abin da zai tona, sai ranar da baki ya karkace. Ga yadda magungunan da ba a san asalinsu ba ke ratsa iyakokinmu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Makarinsu kuma, irin Praxbind na Pradaxa da ya fito a 2015, ba abin da za a sa rai da shi ba ne a ɗakunan jinyarmu. Mai shan rifamfisin, ko maganin ƙanjamau mai ritonabir, bai dace da su ba. Haka mai ciki da mai shayarwa.

Babban inda suka gaza kuwa shi ne ciwon zuciyar da ya fi damun matasanmu, wanda ke farawa daga ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, ya zo ya ƙuntata ƙofar zuciya. A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna INVICTUS, na mutum sama da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka masu wannan ciwo haɗe da rikicewar bugu. Waɗanda aka ba tsohon maganin sun fi waɗanda aka ba ribarozaban tsira da rai. Ga ƙofar ƙarfe kuma, gwajin da aka yi da dabigatiran sai da aka tsayar da shi kafin lokaci, aka wallafa a 2013, saboda gudan jini da zubar jini duka sun ƙaru. Duk wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe, a asibitin zuciya na Shisong a nan Kamaru ne ko a waje, AVK ne abokin zamansa har ƙarshen rai.

Masu narkar da gudan jini na gaske, irin sitireftokinas da altefilas, wani aji ne daban. Na gaggawa ne, ga shanyewar ɓarin jiki altefilas ake bayarwa cikin awa huɗu da rabi, kuma sai hoton sikana ya tabbatar ba jini ne ya fashe a kai ba. Yawancin majinyatanmu na isowa bayan kwana biyu an gama tofi da shafe-shafe, don haka ba su cika shiga lissafinmu ba. Kada kuma ɗalibi ya rikita su da Exacyl, wanda aikinsa kishiyar nasu ne, shi ake ba mai zubar jini bayan haihuwa.

Ko wanne aka zaɓa, akwai abin da ba ya sauyawa. Ba allurar tsoka, ko ta zazzaɓin cizon sauro ce, a nemi ta jijiya ko ƙwaya, in ba haka ba jini ya taru a ɗuwawu kamar ƙwarya. Ba ƙaho, ba sakiya, ba tsaga, ba cire haƙori ko beli sai likita ya sani. Ciwon jiki farasitamol, shi ma ba kullum-kullum ba. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a dasashi da ya ƙi tsayawa bayan asuwaki, ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa daga babur ko da babu rauni a waje, duk a taho asibiti a ranar. Wanda kububuwa ta sara a gona, abin da ba baƙo ba ne a kwarin Binuwai, ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa yana shan maganin, domin dafinta ma hana jini daskarewa yake yi. Da azumi, mai sha sau ɗaya ya mayar da shi lokacin buɗa-baki, wanda ya yi wa Xarelto daidai tunda yana son abinci. Mai sau biyu ya zauna da likita kafin watan ya kama, mai AVK kuma ya ƙara awo ɗaya a tsakiyar watan, don cimarsa ta sauya. Wanda ya manta Sintrom ɗinsa yana iya sha in awa 8 ba ta wuce ba, in ta wuce ya bari sai gobe, kada ya ninka.

Saurayin nan na kai shi wajen likita da ledarsa, likita ya maimaita masa abin da na faɗa. Da muka fito na tambaye shi ranar kasuwar garinsu, muka mayar da awon ƙanwar tasa ranar da motoci suka fi samuwa. A nan ya ambata cewa an sa ranar aurenta bayan babbar Sallah. Na ce to ita da angon su zo tare kafin biki, akwai maganar ciki da dole a tsara tun ba a ɗauka ba, kuma kada ta kuskura ta daina maganin da kanta ranar da ta ga wata ya wuce. Ya tambaye ni me zai ce wa yayansu. Na ce ya yi masa godiya, ya ce in zai sake aike ya aiko da kuɗin mota da na awo, ko ƙaramar na'urar CoaguChek da ake auna INR da ɗigon jinin yatsa, haɗe da tsinkayenta.